Tauraron Yaya Hafsi da Irin Maiwar Inna

Kaura Namoda,
ranar Laraba, bayan La'asar.

Zuwa ga Yaya Hafsi,

Assalamu alaikum. Ni ce ƙanwarki Luba, ina gaishe ki da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na san sai kin sauka za ki gan ta, domin a ƙasan jakarki zan sa ta, ƙarƙashin kuka da daddawar da Inna ta ƙulla miki. Allah Ya sa motar Gusau ta kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, Ya sa jirgi ya sauke ki a Afirka ta Kudu cikin aminci.

Wasiƙar nan ta Inna ce, hannu ne kawai nawa. Kwana biyun da kika yi a Zurmi kina sallama da dangi, ta zaunar da ni tana faɗi ina rubutawa. Amma kafin maganarta akwai tawa, wadda ban faɗa wa kowa ba, har ita. Kin san ni, ba zan iya kallon idonki in faɗe ta ba.

Takardun da kika ba ni ranar Asabar kika ce in hura wuta da su, na ƙone su duka sai guda ɗaya.

Ke kika koya mini karanta su. Zan maimaita abin da kika koya mini, don idan ni ce na ɓace ki gane inda na ɓace. A hutun bara kin sa madubi cikin kwanon ruwa a tsakar gida, rana ta doke shi, bakan gizo ya fito a bangon ɗakin girki. Kika ce haka ake wa hasken tauraron da ya fashe, wanda kuke kira sufanoba. Babban madubin hangen nesa yana kamo hasken, a baje shi daga shuɗi zuwa ja, komfuta ta zana shi ya zama layi mai tudu da kwari. Kowane tudu da kowane kwari sawun wani sinadari ne da ke cikin tauraron. Idan akwai sawun haidurojin, aji na Biyu ne. Idan babu, aji na Ɗaya ne. A cikin na Ɗaya, mai kwarin silikon mai zurfi wajen ja shi ne Ɗaya-A, mai sawun hiliyom Ɗaya-B, wanda babu hiliyom kuma silikon ɗinsa bai yi zurfi ba Ɗaya-C. Muka baje takardu a kan tabarma ina tara su kashi-kashi, idan na yi kuskure ki ɗan ja mini kunne.

Kin ce Ɗaya-A ya fi sauran tsada a wajen masana, domin duk haskensu kusan ɗaya ne, shi ya sa ake auna nisan sama da su. Kin kuma ce Ɗaya-C yakan yi kama da shi a kwanakin farko, amma bayan watanni gaskiya tana fitowa: Ɗaya-A sai sawun ƙarfe, shi kuwa Ɗaya-C sai ya ɗago da dogon tudun oksijin, domin shi babban tauraro ne da ya rufta.

Takardar da ke rataye a bangon ɗakinmu, ta tauraron da ke kika fara sa wa aji, wanda aka rubuta sunanki a sanarwarsa, wanda kika nuna wa malaman da suka ɗauke ki wannan karatu, an rubuta mata Ɗaya-A. Na haddace lambar da ke samanta saboda kullum ina share ƙurar gilashin. Watan jiya kin gaya mana da murna cewa kin roƙi a sake ɗauko miki haskensa yanzu da ya tsufa, don ki tafi da shi. Kin ce mai ɗaukowar ba ya dubawa, turowa kawai yake yi.

Takardar da ban ƙona ba lambarta ɗaya da ta bango. A tsakiyarta akwai dogon tudu. Kin zagaye shi da fensir har takardar ta kusa hujewa.

Na ɓoye ta cikin littafin lissafina. Sai ga Inna ta kira ni da tata maganar, ba tare da ta san da takardar ba. Ga abin da ta ce. Na rubuta yadda ta faɗa, sai 'yan kalmomin da na gyara yadda ake rubutawa a makaranta.

*

Yayar Luba, ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da abin da zai sa ki sunkuyar da kai.

Labarin gida ba zan ba ki ba, kin san shi. Abin da ba ki sani ba zan ba ki, wato kurakuraina. Gona ba ni da ita da zan bar miki, waɗannan su na tara.

Ban yi boko ba, aikinki ban gane shi duka ba. Ranar da kika kawo mana bakan gizo tsakar gida na tambaye ki ko taurari ma mutuwa suke yi, kika ce e, na ce to wa ke yi musu wanka, ku da ƙanwarki kuka yi ta dariya har ruwan kwanon ya zube. Amma da kika ce aikinki shi ne ki duba ki ce wanga iri kaza ne, wasu kuma can nesa su ɗauki maganarki su ɗora aikinsu a kai, sai na daina dariya. Wannan ai sana'ata ce. Tun kafin a haife ki nake sai da irin shuka. Mai saye ba ya ganin abin da ke cikin ƙwaya, bakina yake saye.

Ina yarinya a Dauran, mahaifina ya kai ni gona ragin shuka. Kin san shibra, wadda ke tsirowa cikin gero ta yi kama da shi, sai ta fid da kai ƙwayarta ta zube ƙasa ba a ci ba. Na ce ni na san ta, idona ba ya kuskure. Ya ce in bari, tana ƙarama ko babba yakan ruɗe. Ban ji ba, domin ina so a ce ɗiyar wane akwai ido. Kafin ya juyo na tuge kunya biyu, rabin abin da na tuge lafiyayyen gero ne. Bai buge ni ba. Ya sa na tsaya a bakin kunyoyin ranar girbi ina kallon gurbin. Kin ce mana wani tauraron idan sabuwar fashewa ce haskensa sumul yake zuwa, babu tudu babu kwari. To idan ya zo miki haka, ki rubuta ba ki sani ba tukuna. Za ki ji nauyin rubuta shi, musamman a gaban baƙi, kina baƙar mace daga nesa kina so su san ba a banza aka ɗauko ki ba. Ki rubuta duk da haka. Ki jira ya fid da kai.

Wancan ƙuruciya ce. Na gaba da girmana na yi shi, kina goye a bayana.

Uwata ta koya mini ƙa'ida guda: kada in sai da irin da ban gan shi a zangarniyarsa ba. Gero da maiwa a kan kara kowa ya san su, amma idan an sussuke an zuba a buhu, sai mai ido, shi ma ba kullum ba. Shi ya sa nake sayen dami tun kaka in rataye, in sussuka da hannuna idan damina ta matso. Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, irina ya ƙare, mata na ta sallama a ƙofa da ƙwarya a hannu. Na ji ba zan iya cewa babu ba su tafi gidan wata. Babanku, Allah Ya jiƙansa, yana jan mota zuwa Shinkafi lokacin. Na bi shi ranar kasuwa, na sami wani dattijo da buhu sussukakke, ya ce gero ne mai saurin nuna. Na ɗebo a tafin hannu, na ga ya yi kama, na ɗauka. Ba na zargin mutumin. Na fi zaton shi ma haka aka ce masa.

Ƙanwarki ta ce mini komfutarku tana gwada sabon haske da tsofaffin da ta sani, ta ce wannan ya fi kama da kaza. To wannan komfuta ita ce dattijon Shinkafi. Ba ƙarya take yi ba, abin da ya yi kama take faɗi. Ki karɓi maganarta da ladabi, sa'an nan ki nemi zangarniya. Ki duba da idonki, ki nuna wa wanda ya girme ki a aikin, ko da sauri ake yi, ko da wasu za su riga ki sanarwa. Ni gudun kada a riga ni ne ya kai ni.

Cikin waɗanda suka sayi irin nan akwai wata mata daga Banga, sunanta Hajo. Mijinta ya rasu a bazarar, ya bar ta da yara da gona guda a jigawa. Ta ce gero take so mai sauri, domin abin da ke rumbunta ba zai wuce marka ba. Na cika mata ƙwarya har da gyara. Ta yi ta godiya, ta ɗauke ki ta yi miki wasa, ta ce wagga ɗiya da manyan idanu sai ta ga abin da ba mu gani ba.

Ragowar buhun na watsa kaɗan a bayan ɗaki, kamar yadda na saba. Geron maƙwabta ya fid da kai, nawa sai ganye yake yi yana ƙara tsawo. Na ba shi mako guda. Na ƙara masa wani. Sai wata rana na tsaya a gabansa, na san maiwa ce. Maiwa ba mugun hatsi ba ce, tana da ranarta, tana da ƙasar da take so. Amma sai bayan damina take nuna, wanda kuwa ya shuka ta da sunan gero zai zauna da yunwa yana kallon gona kore shar.

Na shiga na tuge ta duka na ba awaki, don kada wani ya leƙo ya gani.

Bayan kwana kaɗan sai ga Hajo, ta taho a ƙasa tun daga Banga. Ta ƙi zama a tabarma, ta durƙusa a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ta ce:

"Yaya Rabi, irin nan da kika ba ni, kin tabbata gero ne? Kowa na cin tumu, ni gonata ko kai guda babu."

Ina jin awaki suna tauna a bayan ɗaki. Na ce:

"Gero ne, Hajo. Ki duba ƙasarki, ko taki ne bai ishe ta ba."

Ta ce haka ne, ƙila ƙasar ce, tun da mai gonar ya tafi komai ya juya mata baya. Ta nemi gafarata don ta tambaya. Ita ta nemi gafarata. Na ba ta ruwa ta sha, ta koma.

Ki saurara da kyau a nan, domin saboda wannan na sa aka ɗauko biro. Sayen buhun kuskure ne, kowa na iya yi. Abin da na faɗa a bakin ƙofa ba kuskure ba ne. Da na ce mata maiwa ce, da sauran lokacin da za ta sa wake tsakanin kunyoyi, da ta je wa danginta tun da wuri, da ni ma na ɗauki abin da ke rumbuna na kai mata. Abin da na ji tsoro shi ne a ce irin Rabi ya yi ƙarya, mata su daina zuwa ƙofata. Sunana na tsare.

Abin bai tsaya kanta ba. Ashe ta ɗiba wa maƙwabtanta biyu daga ƙwaryar, don alheri. Da tasu gonar ta ƙi, suka ce ita ta cuce su, suka daina gaishe ta. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar, maiwar ba ta cika ido ba a wannan jigawa. Ƙaramin ɗanta bai kai kaka ba. Zazzaɓi aka ce, kwana kuma na Allah ne, ban ce yunwa ce ta kashe shi ba. Amma shekara da shekaru ban iya raba abin biyu a zuciyata ba.

Kowace kaka sai in ce bana zan je. Kowace kaka maganar sai ta ƙara nauyi, domin yanzu ba iri kaɗai zan amsa ba, har da shirun da na yi. Sai bayan rasuwar babanku na shirya na tafi Banga da hatsi a kai. Na tarar da wasu mutane a gidan. Suka ce ta tashi da yaranta lokacin da hanyoyi suka lalace mutane suka watse, wani ya ce Shinkafi ta nufa, wani ya ce ta ƙetare iyaka. Na dawo da hatsina. Har yau idan na shiga kasuwar Kaura fuskokin mata nake dubawa. Ƙanwarki tana cewa ina tafiya a hankali saboda gwiwa. Ba gwiwa ba ce kaɗai.

Don haka idan wata rana kika sa wa tauraro suna, daga baya ya fid da kai kika ga ba shi ba ne, ki tashi a ranar ki faɗa. Kada ki jira a tambaye ki, kada ki tuge ki ba awaki. Wanda ya ɗora awonsa a kan maganarki yana can bai san ki ba, shi ma zai ɗiba wa wasu. Ban san abin da za su yi miki ba idan kin faɗa. Ƙila su yi faɗa, ƙila su rage ganin girmanki, ƙila ma su ce ki dawo gida. Idan sun ce ki dawo, ɗakinki na nan, tuwo na nan, ni kuma zan tarbe ki a tasha da kaina a ɗage. Abin da ba na so shi ne ki kai shekaruna kina duba fuskoki a kasuwa.

Saura guda, shi kuma a kanki na yi shi. Ke ce ta fari, kunya ta hana ni kiran sunanki, ta hana ni yaba miki a gaban mutane, haka muka taras ana yi. Ban ce al'adar laifi ce ba. Laifina shi ne na fake da ita har a inda babu kowa sai ni da ke. Kin zo da sakamako mai kyau na ce ki je ki wanke kwanoni. Na koya miki cewa a gidan nan ba a kawo magana, sai a haɗiye. Makonni uku ke nan ina ganin kina juya tuwo a kwano ba ki ci, kina dariyar da ba ta kai ido ba. Dangi sun ce zullumin tafiya ne. Ni ban san mene ne ba, ban kuma iya tambaya ba. Amma na san wannan fuska, na taɓa ganinta a ruwan randa shekarar maiwa. Ko mene ne, ki sami wanda za ki gaya wa a can. Idan babu, ki kira wayar ƙanwarki ki ce a ba ni. Ba sai na gane taurari ba.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko aikin ya juya miki dare da rana. Ki ci abinci. An ce akwai sanyi a kan duwatsun da madubin yake, ki sa rigar da na saƙa miki ko ba ta yi kyau ba.

Na ce wa Luba ta rubuta sunanki a nan, tun da hannunta ne ba bakina ba. Hafsatu. Na yarda da ke, na yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki gama lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye. Idan kuma ba mu gana ba, ki sa ni a addu'a, ki sa Hajo.

Mahaifiyarki.

*

Yaya, ni ce kuma, Luba. Nan maganar Inna ta ƙare. Da ta zo wajen awaki sai da na ajiye biro, ta ce mene ne, na ce hannuna ne ya gaji. Ta dube ni ta daɗe, sa'an nan ta ce in sha ruwa mu ci gaba.

Ni ban kai in ba ki shawara ba, bara na gama firamare. Mai yiwuwa ma na karanta layin ba daidai ba, tudun na wani abu ne da ba ki koya mini ba tukuna. Idan haka ne ki ja mini kunne idan kin dawo. Amma na tuna ranar tabarma, da na sa wata takarda a kashin da ba nata ba na so in ɓoye ta ƙarƙashin cinyata. Kika ce a aikinku ana gyara sanarwa, ba a ɓoye takarda. Na tambaye ki ko ba kunya. Kika ce akwai, amma ta yini guda ce.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba ki sa'ar malamai, Ya sa ki same su masu sauƙin kai. Amin.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, bayan shafin ƙarshe, na ninke ta huɗu. Ba zan gaya wa Inna ba, ba zan tambaye ki a waya ba. Ta bango na bar ta inda take. Ɗazu na ari guduma a maƙwabta na buga wata ƙusa a gefenta. Inna ta ji ƙara ta leƙo ta ce ta mece ce. Na ce ta wata takarda ce da za ki aiko.

Ƙanwarki,
Luba.